Kafin a shafa wa tsohon keke fenti

Duk wanda ya saba bi ta wajen 'yan gwangwan ya san cewa sikeli tambaya ɗaya gare shi: kilo nawa? Ba ruwansa da wanda ya ƙera abu, balle garin da aka ƙera shi ko shekarar. A gabansa, tsohon bokiti da ƙafar gado da keken da wani gwani ya haɗa da hannunsa a Ingila ko Italiya shekara 50 da suka wuce duk ƙarfe ne. Abin takaicin ma shi ne, keken da ya fi daraja shi ya fi arha a wurin, domin shi ya fi rashin nauyi.

Ina magana ne a kan keken tsere na ƙarfe, mai siririyar taya da kai mai lanƙwasowa ƙasa kamar ƙahon rago, irin wanda aka yi yayinsa a Turai har zuwa ƙarshen shekarun 1980, kafin alminiyam da wasu sababbin kayan ƙira su ture ƙarfe daga fagen tsere. Irin waɗannan kekuna kan shigo mana jefi-jefi a cikin kwantenonin gwanjo, a cakuɗe da kekunan yara da na hawan dutse. Dillali ba ya ba su muhimmanci, tunda ba su da kariya, ba su ɗaukar buhu, kuma tayarsu ba ta shiri da yashi. Wanda ya saya kuwa, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne ya kai wa mai fenti a goge shi ƙal, a fesa masa sabon launi. In wani abu ya ƙi kwancewa a sa guduma, in ya tsage a kai wa mai walda, in an gaji da shi a miƙa wa sikeli. A ganina tsatsa ba ita ce babbar abokiyar gabar waɗannan kekuna ba. Tsatsa takan yi shekaru tana ci a hankali, amma hannu mai gaggawa cikin yini guda yake shafe duk abin da keken zai iya faɗa game da kansa.

Mu nan ba baƙin keken ƙarfe ba ne. Sunan Raleigh ya daɗe a bakinmu har ya koma Rali, kuma an yi zamanin da malamin makaranta ko manomin da gyaɗarsa ta yi kuɗi ba shi da burin da ya wuce ya mallaki sabon Rali, ya bar takardar da aka naɗe bututan da ita don kada fenti ya ƙuje. Kamfanin ya samo sunansa ne daga wani titi a birnin Nottingham na Ingila, inda Frank Bowden ya karɓi wani ƙaramin shagon ƙera kekuna a ƙarshen shekarun 1880 ya mai da shi masana'anta. Najeriya ta kasance cikin manyan kasuwanninsa, har ya kafa masana'anta a Kano a shekarun 1970. Daga baya ne Phoenix na birnin Shanghai, mai kama da shi kuma mai sauƙin kuɗi, ya cika kasuwa. To amma Ralin da muka sani, mai birkin sanda da gidan sarƙa da nauyin da ya kusa kilo 20, fuska ɗaya ce kawai ta kamfanin. Akwai wata fuskar da ba ta cika zuwa wajenmu ba. A 1960 Raleigh ya sayi kamfanin Carlton da ke garin Worksop, ya mai da shi wurin ƙera kekunan tsere marasa nauyi, waɗanda ba su wuce kilo 10 zuwa 11 ba. A cikin ƙungiyar tsere ta TI-Raleigh ne Joop Zoetemelk ɗan ƙasar Holan ya lashe gasar Tour de France a 1980. Yau duk wannan ya zama tarihi, domin a 2002 aka daina haɗa keke a Nottingham.

Akwai keke ɗaya irin wannan a zauren gidana yanzu, kuma da shi zan yi misali. Na same shi an riga an shafe shi da baƙin fenti irin na ƙofar shago, da burushi, har kan notuna. Babu suna, babu tambari, babu ko harafi ɗaya a jikinsa. Na kai shi wurin wani dattijo da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gyaran Rali. Ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya ƙwanƙwasa tsakiyar sandar da farce, ya kasa kunne.

Ya ce, "Malam, wannan ba ƙarfen da muka saba da shi ba ne. Ji yadda yake amsawa."

Na ce, "Baba, to a kai shi a goge ne a sake fesawa?"

Ya ce, "Wa ya aike ka? Ka bari mu ga abin da ke ƙarƙashi tukuna."

Wannan ƙwanƙwasawar ba hujja ba ce, alama ce kawai. Gane asalin keke ya fi kama da zaman shari'a: shaida ɗaya ba ta isa, sai an tara shaidu an ga ko bakinsu ya zo ɗaya. Shaidar farko a wannan keken ramuka ne guda uku ƙanana a goshinsa, wato gajeren bututun da ke ƙarƙashin kai. Nan ne tambarin ƙarfe yake zama, kuma tambarin Raleigh mai hoton kan zalɓe da ƙananan ƙusoshi uku ake kafa shi. Tambarin ya tafi, amma gurbinsa na nan. Da an kai wa mai fenti, da ya cike ramukan ya goge, shi ke nan an kashe bakin shaida guda.

Shaida ta biyu sai da muka kifa keken. A ƙarƙashin gidan boris na tsakiya, inda sandar feda ke juyawa, akwai lambar da aka buga a jikin ƙarfen. Tun daga wajen 1974 Raleigh ya bi tsari ɗaya: harafin farko yana nuna masana'anta, N na Nottingham, W na Worksop, harafi na biyu yana nuna lokaci a cikin shekara, lambar farko da ke biye kuma ita ce lambar ƙarshe ta shekarar. Tawa ta fara da W, kuma lambar farko 6 ce. Ke nan ko 1976 ko 1986. An rufe masana'antar Worksop a 1981, amma wannan kaɗai bai isa ya yanke magana ba. Lambar nan ba ta da zurfi, fenti mai kauri kan cike ta, injin guga kuwa kan share ta gaba ɗaya. Da tsumma da ɗan tina muka fito da ita, harafi bayan harafi.

Shaida ta uku ita ta fi burge ni, domin ba a iya yi mata ƙarya. Ita ce kaurin sandar sirdi. Bututun da sandar ke shiga, a tsarin Ingila, faɗinsa daga waje milimita 28.6 ne, ko keken mai tsada ne ko mai arha. Abin da ke bambanta su shi ne kaurin bangon bututun. In bangon mai kauri ne, ramin ciki zai tsuke, sandar sirdi ta zama siririya, kamar milimita 25.4. In bangon siriri ne, ramin zai yi faɗi. Da muka auna ta wannan keken sai muka samu 27.2, ma'aunin da aka sani da bututan tsere masu kyau. Asalin wannan fasaha daga Birmingham take, inda Alfred Reynolds da abokin aikinsa suka yi rajistar wata dabara a 1897: a yi bututu mai kauri a bakunansa biyu, inda ake haɗi kuma inda nauyi ke taruwa, a sirantar da shi a tsakiya. A 1935 kamfanin ya fito da ƙarfen da ya sa wa suna Reynolds 531, mai gaurayen manganis da molibdenam, wanda ya yi shekaru da dama yana mulkin fagen tsere. Tsakiyar irin wannan bututu ba ta kai kaurin milimita ɗaya ba. Wannan siranta ce dattijon nan ya ji da kunnensa. Italiyawa suna da nasu, Columbus na birnin Milan mai tambarin kurciya, Faransawa suna da Vitus, Japanawa kuma Tange da Ishiwata.

Daga nan sai zaren noti, wato layukan da ake murɗa abu a kansu, kuma a nan ne aka fi yi wa kekunan gwanjo illa. Kowace ƙasa da nata tsarin a gidan boris na tsakiya. Na Ingila faɗin gidan milimita 68 ne, da zare 24 a kowane inci, kuma murfin ɓangaren sarƙa a juye yake, wato in za a kwance shi sai a murɗa ta inda aka saba ɗaurewa. Na Italiya faɗinsa milimita 70 ne, kuma murfinsa biyu duka ta hanyar da aka saba ake kwance su. Na tsofaffin kekunan Faransa milimita 68 ne kamar na Ingila, amma zarensa na tsarin mita ne, kuma shi ma murfin ɓangaren sarƙa ba a juye yake ba. Sannan ga Raleigh na Nottingham da ya ƙi bin kowa, ya riƙe nasa zare 26 a inci, alhali manyan kekunansa na Worksop sun bi tsarin 24 na gama-gari. A ido duk kusan ɗaya ne. Sai a ɗauko murfin Ingila a cusa a gidan Faransa, ya shiga zagaye biyu ya cije, a ƙara wa sifana tsawo da bututu a danna da ƙarfi, zaren ya cinye. Ko kuma a yi ta ɗaure abin da ake nufin kwancewa har ya tsage. Da za a tsaya a auna faɗin gidan da ma'auni, minti ɗaya ya isa a rage zato da rabi, kuma a ƙara samun wata shaida game da ƙasar da keken ya fito.

Kayan da ke jikin keke ma suna da bakin magana. Kamfanin Campagnolo na garin Vicenza a Italiya ya kan buga lambobi biyu na shekara a kan na'urar sauya giya ta baya, kusa da inda waya ke shiga. A wannan keken 75 aka buga, abin da ya dace da gangar jikin da aka haɗa a 1976, tunda kaya kan kwana a sito kafin a ɗaura su. Shimano na Japan yana amfani da haruffa biyu, na farko shekara, inda A ke nufin 1976, na biyu wata. Mai karatu da ke da tsohon Ralin mahaifinsa mai giya uku ma yana iya gwadawa: ya goge cibiyar wilin baya, zai ga sunan Sturmey-Archer da shekara da watan da aka yi ta. Sai dai kaya ana sauya su. Mutum na iya ɗaura na'urar 1975 a keken 1990. Shi ya sa ba a yanke hukunci da su kaɗai, sai sun goyi bayan abin da gangar jiki ta faɗa.

Mafi raunin shaidu kuwa ita ce wadda mutane suka fi gaskatawa, wato sitika. Ana buga sababbin sitikun Reynolds da Columbus ana sayarwa ta intanet, kowa na iya manna su a jikin bututun famfo. Ko sunan kamfani na gaskiya ma ba ya wadatarwa. Ɗauki Peugeot, wanda muka sani da zakin motocin da ake haɗawa a Kaduna, alhali tun 1882 yake ƙera keke. Da kekensa Bernard Thévenet ya ci Tour de France a 1975 da 1977. Samfurinsa mai suna PX-10 da bututan Reynolds 531 aka yi shi, amma akwai UO-8 da aka yi don jama'a da ƙarfe mai nauyi, kuma wanda bai sani ba yana iya ɗaukar wannan a matsayin wancan. A duba bakin da wilin baya ke shiga. A keke mai daraja ƙarfe ne mai kauri da aka ƙera, sau da yawa da sunan maƙerinsa a jiki, irin su Campagnolo ko Simplex. A mai arha falle ne da aka datsa da inji. A duba kuma mahaɗan da bututai ke shiga a kowace kusurwa, a ga ko an bi bakinsu an sirantar da shi da hannu, ko an bar su da kauri yadda suka fito.

Bayan an san ko wane ne, sai a tambayi lafiyarsa kafin a kashe ko kwabo. A shafa yatsa a ƙarƙashin bututan nan biyu da suka haɗu da goshi. In an ji ɗan tudu ko an ga fenti ya yi tsagu a wurin, keken ya taɓa yin karo ta gaba. A duba ƙafar gaba daga gefe, a ga ko ta koma baya. Sannan a ɗaura zare a bakin wilin baya na dama, a zagayo da shi ta goshi, a dawo da shi bakin hagu, a auna tazarar da ke tsakanin zaren da bututun sirdi ta kowane gefe. In tazarar ta bambanta sosai, gangar jikin ta karkace. Alherin ƙarfe shi ne ƙaramar karkata tana gyaruwa a sanyi, a hankali, abin da alminiyam ba ya jurewa.

Sandar sirdi ta alminiyam da ta shekara 20 a cikin bututun ƙarfe ba giris takan manne kamar an haife su tare. Maganinta man kwance tsatsa da haƙuri na kwanaki, a riƙa ɗiga shi ta sama da ta ƙasa ana gwada murɗawa. Wuta ba ta taimakawa yadda ake zato, domin alminiyam ya fi ƙarfe kumbura da zafi, ga kuma fentin da za a ƙone. Guduma kuwa ƙara tura ta ciki take yi. Haka batun walda. Waɗannan bututai ba narka su aka yi aka haɗa ba. Zura su aka yi a cikin mahaɗai, aka kwarara narkakkiyar tagulla ko azurfa ta cike tsakaninsu. Mai waldar lantarki da ya saba da ƙofa da taga, in ya ɗora wutarsa a bangon da bai kai milimita ɗaya ba, huda shi zai yi. In har haɗi ya saki, mai gyaran firij da ya saba liƙa siraran bututai da wutar gas ya fi kusa da sanin aikin.

Sauran aikin kowane mai gyaran keke na unguwa ya iya shi, har ya fi na Turai sabawa, domin mu ba mu daina amfani da boris na warwatse ba. A kwance, a wanke da kananzir, a duba ko gurbin ya yi ramuka, a zuba sabon boris daidai girmansa da sabon giris. Na gidan tsakiya da na wilin baya yawanci rubu'in inci ne, na wilin gaba ya fi ƙanƙanta, na wuyan keke ya fi su duka ƙanƙanta. Ba a cakuɗa sabo da tsoho.

Na koma kan fenti, tunda a kansa muka fi saɓani da mutane. Fentin masana'anta gasa shi aka yi, ya fi na burushi tauri nesa ba kusa ba. Saboda haka in an bi a hankali da tsumma da tina kaɗan-kaɗan, na sama yakan tashi ya bar na ƙasa. Mako uku muka yi muna wannan, sai ga shuɗi mai haske ya bayyana, da inuwar haruffan sunan kamfanin a jikin bututun ƙasa. Akwai ƙujewa, akwai tabon tsatsa nan da can. Tsatsar sama ruwan lemun tsami ko ruwan tsamiya yana ɗaga ta, a wanke, a busar sosai, a shafe da kaki. Inda aka yi farin ƙarfe mai sheƙi kuwa, takardar alminiyam da aka jiƙa da ruwa ta fi sanfefa, domin ba ta karce shi. A cikin bututan a zuba ɗan mai a jujjuya, tunda tsatsar da ke kashe keke daga ciki take farawa. Wani zai ce ai sabon fenti ya fi kyau. Ya fi sheƙi dai. Amma keke sau ɗaya yake samun fentinsa na asali, kuma masu sanin darajar waɗannan kekuna sun fi son tabon gaskiya a kan sheƙin da ke iya ɓoye tsaga ko karo. A garin Gaiole na yankin Tuskani a Italiya, tun 1997 ake wani taron hawan keke mai suna L'Eroica, wanda Giancarlo Brocci ya assasa, inda ake hawa kekunan tsere na 1987 zuwa baya a kan hanyoyin tsakuwa. Dubban mutane ke zuwa daga ƙasashe daban-daban, kuma an yi irinsa a wasu ƙasashen. Wato abin da muke aunawa a kilo yana da masu nemansa ido rufe.

Ban ce a mai da keke kayan ajiya ba. An yi shi ne don a hau, kuma ran mahayi ya fi asalin kaya. Robar birki da ta shekara 40 ta zama dutse, a sauya ta. Wayoyin birki da na giya, da sarƙa, da taya, duk a sa sababbi. Tsofaffin kayan da aka cire masu suna a jiki a zuba su a jaka a ajiye tare da keken. A taya ne kawai zan ja hankali, domin sunayen ma'auninta suna ruɗarwa. Tayar Rali mai lamba 28 tana zama ne a kan rim mai faɗin milimita 635. Tayar tsofaffin kekunan Ingila da Amurka mai lamba 27 tana son 630. Wadda ake kira 700C, da kekunan tsere na yau ke amfani da ita, tana son 622, kuma a wasu ƙasashen ita ma 28 ake rubuta mata. Bambancin milimita 5 ko 8 ya isa ya hana taya shiga, ko ya sa ta fice ana cikin gudu. A nemi lambar nan mai alƙaluma uku a gefen tsohuwar tayar, ita ce ba ta ruɗi. Na zauren gidana 622 yake ɗauka, don haka ban sha wahalar nema ba.

Yanzu yana tafiya. Dattijon ya ɗaure wayoyin wilin ɗaya bayan ɗaya har rim ya daina rawa, ya hau ya zagaya layin sau ɗaya, ya dawo yana cewa sirdin ya yi masa tsawo. Abin da ya rage shi ne goshin. Wani ya ba ni shawarar in sa a zana zalɓen da fenti, wani ya ce a buga shi a sitika. Na bar ramukan uku a buɗe, na kuma gaya wa masu gyara biyu da wani ɗan gwangwan cewa duk ranar da mataccen Rali ya zo hannunsu, su cire mini tambarin kafin su ɗora shi a sikeli.